Kuɗin mata, ikon maza: tarihin ƙananan majami'un Episcopal a karkarar Amurka

A watan Oktoba na 2025 aka sanar da Sarah Mullally a matsayin sabuwar Akbishop ta Kantabari, mace ta farko da aka zaɓa ga wannan kujera. Cocin Najeriya na ɗarikar Angalika bai ɓata lokaci ba ya ce bai amince ba, ya kawo dalilai biyu: shugabancin mace a matakin bishop, da goyon bayanta ga sa wa masu auren jinsi albarka. Duk lokacin da wannan gardama ta taso sai an ambaci cocin Episcopal na Amurka, domin shi ne ya fara keɓe mace bishop a duk faɗin ɗarikar a 1989, shi ne kuma ya fara ɗora mace a kan shugabancin coci na ƙasa baki ɗaya a 2006.

Mai sauraro daga nesa zai ɗauka wasu bishop-bishop ne suka wayi gari suka sauya doka. Tarihin ya fi haka tsawo. Kusan shekara 100 mata suka yi suna tara kuɗi, suna koyarwa, suna buɗe majami'a suna rufewa, kusan ba tare da ƙuri'a a majalisar da ke yanke hukunci ba. Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne ƙauyuka, inda limami baƙo ne mai zuwa ya tafi.

Tsarin da ya kamata a fara fahimta

Cocin Episcopal shi ne reshen Angalika na Amurka. Kafin ƙasar ta sami 'yanci majami'unsa na ƙarƙashin Cocin Ingila, kuma duk wanda za a keɓe sai ya yi rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. Bayan yaƙin 'yanci rantsuwar ta gagara, shi ya sa aka keɓe bishop ɗinsu na farko, Samuel Seabury, a Aberdeen ta Sikotland a 1784. A 1789 suka zauna a Filadelfiya suka tsara kundin mulkinsu da littafin addu'arsu.

Mulkin hawa uku ne. A sama akwai Babban Taro da ake yi duk shekara uku, mai majalisa biyu: ta bishop-bishop, da ta wakilai inda kowace dayosis ke tura limamai huɗu da 'yan ikilisiya huɗu. A tsakiya akwai dayosis ƙarƙashin bishop. A ƙasa akwai ikilisiya, ita kuma iri biyu ce. Wadda ke iya biyan limaminta da kanta tana da 'yancin zaɓensa, kuma zaɓaɓɓen kwamiti ne ke riƙe da kuɗinta da gininta. Wadda ba ta iyawa ana kiranta mishan: dayosis ce ke cika mata kuɗi, bishop ne ke tura mata limami, shi ke ɗauke shi idan ya ga dama.

Majami'un karkara da yawa a sahu na biyu suka yi rayuwarsu. Limami ɗaya kan riƙe uku ko huɗu, ya zo wa kowacce sau ɗaya a wata don Jibin Ubangiji da baftisma. Sauran ranakun Lahadi wani ɗan ikilisiya mai izinin bishop ne ke jagorantar addu'ar safe daga littafi. Kwamitin ikilisiya kuwa, a dayosis da dama, dokarsa ta keɓe shi ga maza har zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

Pennick: ikilisiyar da mace ta kafa

A gundumar Glynn ta jihar Jojiya akwai wani ƙauye mai suna Pennick, mazaunin baƙar fata waɗanda iyayensu suka fito daga bauta a gonakin shinkafa da auduga na gaɓar teku. Anna Alexander, wadda aka haifa wajen 1865 ga iyayen da aka 'yanta, malamar makaranta ce a garin Darien. A 1894 ta fara tara mutanen Pennick don sujada, tana zuwa da ƙafa da kwalekwale. Daga wannan taro majami'ar Good Shepherd ta fito, tare da makarantar da ta koyar a ciki shekaru da yawa, ta yi amfani da littafin addu'a da Littafi Mai Tsarki wajen koyar da karatu.

A 1907 Bishop Cleland Kinloch Nelson ya keɓe ta a matsayin dikoniya. Ita kaɗai ce baƙar fata da ta taɓa riƙe wannan matsayi a cocin. Matsayin yana da nauyi amma iyakarsa a bayyane take: tana koyarwa, tana duba marasa lafiya, tana shirya yara don baftisma da tabbatarwa, amma ba ta tsarkake gurasa da ruwan inabi, ba ta kuma cikin asusun fansho na limamai da aka buɗe a 1917. A shekarar da aka keɓe ta aka raba dayosis ɗin gida biyu, kuma sabon shugabancin ɓangaren da Pennick ta faɗa ya ware baƙar fata daga babban taron dayosis. Tallafi ya yi ƙaranci, sai ta koma neman taimako daga masu alheri na arewacin ƙasar, wani lokaci kuma ta yi aikin girki a sansanin hutun dayosis. Duk da talaucin ƙauyen, ikilisiyarta ta aika gudunmawa Japan bayan girgizar ƙasar 1923. Ta rasu a 1947, kuma yau sunanta na cikin kalandar tsarkakan cocin, ana tunawa da ita ranar 24 ga Satumba.

Launin fata ya sa labarin Pennick ya fi na wasu tsanani, amma fasalinsa ya maimaitu a wurare da yawa. A tsaunukan Appalachia, da ƙauyukan 'yan asalin ƙasa a Dakota da Alaska, dikoniyoyi da ma'aikata mata ne ke zaune a tashar mishan dare da rana. Su ne malaman makaranta, su ne ungozoma, su ke rabon tufafi. Tambayar ita ce wa ke biyansu.

Inda kuɗin ke fitowa

A 1871 Babban Taro ya yarda a kafa ƙungiyar mata mataimaka ga hukumar mishan. Julia Chester Emery ta riƙe sakatariyarta shekara 40, daga 1876 zuwa 1916, kuma a zamaninta ƙungiyar ta kafa rassa a kusan kowace dayosis. Aikinsu na farko shi ne akwatin mishan. Iyalin limamin da ke wata tasha mai nisa za su aiko da jerin buƙatunsu: yara nawa, shekarunsu, awon riga da na takalmi. Ofishin ƙungiyar da ke New York zai danƙa jerin ga wani reshe. Matan reshen su ɗinka, su saƙa, su cika ganga ko akwati, su ƙiyasta kuɗin kayan su rubuta a rahoto. Albashin limamin karkara bai isa ya tufatar da gidansa ba, akwatin ne ke cike giɓin.

Abu na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne baikon godiya na haɗin gwiwa da aka fara a 1889. Tarin farko dala dubu biyu ne da 'yan kai, an gina majami'a da shi a Anvik ta Alaska, an kuma tura wata ma'aikaciya Japan. Tsarin har yau bai sauya sosai ba. Ana ba kowane gida ɗan shuɗin akwatin kwali mai tsaga a sama. Duk abin da mutum ya gode wa Allah a kansa, ya jefa kwabo. Sau biyu a shekara, bazara da kaka, ake kawo akwatunan majami'a a juye. Mai kula da baikon a ikilisiya ta aika wa ta dayosis, ita kuma ta aika wa hukumar ƙasa, a raba abin da aka tara ga ayyukan da suka nemi tallafi. Muhimmancinsa a tarihi shi ne matan da kansu ke yanke inda kuɗin zai tafi, a taronsu na shekara uku-uku da ake yi a gari ɗaya da Babban Taro amma a wani zaure dabam. Da wannan kuɗi aka horar da mata ma'aikata, aka biya su albashi, aka yi musu tanadin tsufa.

A matakin ƙauye kuwa, akwai ƙungiyar matan ikilisiya, galibi da sunan wata tsarkakakkiya irin su Maryamu ko Hannatu ko Margaret. Hanyoyin samun kuɗinta sanannu ne: kasuwar kayan ɗinki da saƙa gab da Kirsimeti, abincin dare da ake sayar wa mutanen gari, bargon haɗe-haɗen ƙyalle, littafin girke-girke da ake bugawa a sayar. Kuɗin kan tafi ga rufin da ke yoyo, murhun ɗumama ɗaki, kayan kiɗan coci, gyaran gidan limami, wani lokaci ma cikon albashinsa. Abin lura a nan: kwamitin maza ne ke da ikon sa hannu a kan gini, amma sau da yawa sai ya tura wakili wurin mata ya roƙi kuɗin aikin. Wanda ke riƙe da asusu yana da ta cewa ko da doka ba ta ba shi kujera ba.

Ba duk ƙungiyoyin ne na kuɗi ba. Daughters of the King, wadda aka kafa a New York a 1885, ƙa'idarta addu'a ce da hidima da bishara, kuma ta hana rassanta shirya kasuwa ko biki don tara kuɗi. Girls' Friendly Society ta shigo daga Ingila a 1877 don 'yan mata masu aikin masaƙa.

Hidimar bagade

Ƙungiyar da ta fi kowacce daɗewa a ƙaramar majami'a ita ce ta masu hidimar bagade, domin ko mutum biyar suka rage sai an shirya tebur. Aiki ne mai ƙa'ida. Ana shimfiɗa dogon farin lilin mai gicciye biyar a kan bagade, kuma naɗe shi ake yi a jikin sanda, ba a ninke shi, don kada ya yi layi. A kansa ake sa ƙaramin ƙyalle mai kusurwa huɗu inda ƙoƙo da faranti za su zauna. Ana ɗora ƙyallen goge ƙoƙo a bakinsa, faranti a sama da gurasar limami, sai murfi. A gefe kwalba biyu, ɗaya ta ruwan inabi, ɗaya ta ruwa. Launin mayafin bagade yana bin kalanda: shunayya lokacin azumi da jiran Kirsimeti, fari a Kirsimeti da Ista, ja ranar Fentikos, kore sauran makonni.

Kuskure ya fi faruwa wajen wanki. Ƙyallen da ya taɓa tsarkakakken ruwan inabi ba a jefa shi cikin sauran wanki kai tsaye. Ana fara ɗauraye shi a kwano, a zuba ruwan a ƙasa ko a wata kwatami ta musamman da ke sauka cikin ƙasa ba ta haɗuwa da magudanar datti. Da ruwan sanyi ake fara jiƙa tabon inabi, ruwan zafi yana kama shi. Bilic yana cinye zaren lilin. Kakin kyandir kuma bari ake ya daskare, a kankare, a ɗora takarda mai tsotsewa a goge da dutsen guga mai ɗumi. Ƙoƙon azurfa da aka shafa wa zinariya a ciki, idan aka dirje shi da maganin goge ƙarfe, shafin ne zai tafi.

Wannan ilimi ba a makarantar tauhidi ake samunsa ba, daga tsohuwa zuwa yarinya yake wucewa. Sabon limamin da aka turo ƙauye sau da yawa a wurin waɗannan mata yake koyon yadda ake yi a nan.

Daga 1946 zuwa 1977

A 1946 dayosis ta Missouri ta turo Elizabeth Dyer Babban Taro a matsayin wakiliya, aka ba ta kujera. A taron 1949 aka turo wasu matan, majalisa ta ce lafazin kundin mulki maza yake nufi, aka hana su ƙuri'a. Aka riƙa kawo ƙudurin gyara taro bayan taro yana faɗuwa, a lokacin da baikon godiya ke kawo miliyoyin daloli duk shekara uku. Sai a 1967 gyaran ya tsallake karatun farko, a 1970 a Houston aka zaunar da mata kusan 30. Taron 1970 ɗin ne kuma ya amince cewa dikoniyoyi cikakkun dikinoni ne.

Daga nan abin ya yi sauri. Ranar 29 ga Yuli 1974 wasu bishop-bishop uku da ba su riƙe da dayosis suka keɓe mata 11 a matsayin limamai a Filadelfiya ba da izinin coci ba. A 1976 Babban Taro a Minneapolis ya halatta keɓe mata, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1977. Barbara Harris ta zama bishop a 1989, Katharine Jefferts Schori ta zama shugabar cocin a 2006.

Matsayi uku, ba biyu ba

Masu goyon baya suna kafa hujja da Galatiyawa 3:28, da Fibi da Bulus ya ambata a Romawa 16 a matsayin mai hidimar ikilisiya, da kuma cewa mata ne suka fara kai labarin tashin Almasihu. Suna ƙarawa da hujjar aiki: wadda ta riƙe tasha shekara 30 ba a rasa sanin ko tana da kira.

Masu adawa kashi biyu ne, kuma dalilansu ba ɗaya ba ne. Masu kusanci da al'adar Katolika suna cewa Almasihu maza ya zaɓa manzanni, kuma reshe ɗaya ba shi da ikon sauya abin da Roma da cocin Orthodox suka riƙe tun farko. Masu tsayawa kan nassi suna kawo 1 Timoti 2:12 da koyarwar shugabancin miji. Wasu sun fice tun 1977. Dayosis uku, Fort Worth da Quincy da San Joaquin, sun ci gaba da ƙin keɓe mata har shugabanninsu suka fice a 2007 da 2008, bayan rikicin keɓe Gene Robinson, mai abokin zama namiji, a matsayin bishop a 2003 ya ƙara faɗaɗa ɓarakar.

Matsayi na uku shi ne wanda ba a cika ambata ba. Cikin shugabannin ƙungiyar mata akwai waɗanda suka yi fargabar cewa shiga majalisar maza zai rushe gidan da mata suka gina da hannunsu. A 1958 an sauya wa ƙungiyar suna da tsari, rassanta suka koma Episcopal Church Women, ko ECW a taƙaice. A ƙarshen shekarun 1960 aka narkar da sashen mata na hedikwata cikin sauran sassa, wasu dayosis ma suka rushe hukumomin matansu da hujjar cewa an zama ɗaya. Sai a 1985 aka sake kafa hukumar ECW ta ƙasa. Gardamar wa ke da iko da kuɗin ba ta mutu ba: a 2013 mambobi huɗu na hukumar baikon godiya suka yi murabus saboda wani daftarin ƙa'idoji da suka ce zai miƙa ikon asusun ga hedikwata.

Shin keɓe mata ne ya raunana ƙungiyoyin? Wani ɓangare, i, domin mace mai baiwar shugabanci yanzu tana iya zama shugabar kwamiti ko limamiya. Amma dalili ɗaya bai isa ba. Taron ƙarfe goma na safiyar Talata an tsara shi ne don matan da ba sa aikin albashi, kuma irinsu sun ragu ƙwarai. Matasa sun bar ƙauye, musamman bayan karyewar manoma da bashi a shekarun 1980. Cocin Katolika bai keɓe mata ba, amma sistocinsa a Amurka sun sauko daga kusan 180,000 a 1965 zuwa ƙasa da 40,000.

Lissafin ƙaramar ikilisiya a yau

Mambobin cocin sun haura miliyan uku a tsakiyar shekarun 1960, yanzu suna wajen miliyan ɗaya da rabi. Fiye da rabin majami'unsa ba sa tara mutum 50 ranar Lahadi. Limami cikakke yana nufin albashi, da gida ko kuɗinsa, da inshorar lafiya, da kashi 18 cikin 100 na abin da ake biyansa da dole a zuba a asusun fansho, ga kason da dayosis ke karɓa. Mutum 25, yawancinsu 'yan fansho, ba za su ɗauki wannan ba. Littafin addu'a na 1979 ya ƙara matsa lamba ba da niyya ba, da ya mayar da Jibin Ubangiji babbar sujadar kowace Lahadi, abin da ba ya yiwuwa sai da limami.

Mafita huɗu ake bi: majami'u biyu ko uku su haɗa limami ɗaya, a ɗauko mai ritaya a biya shi kuɗin rana da na mai, a sami limami mai wata sana'a, ko kuma tsarin hidimar haɗin gwiwa da dayosis ɗin Nevada da ta arewacin Michigan suka yi fice da shi, inda ikilisiya ke fitar da tawaga daga cikinta, a horar da su a gida, a keɓe ɗaya ko biyu su yi hidima ba albashi. Waɗanda ke cika irin waɗannan tawagogi sau da yawa matan da suka taso a ECW da hidimar bagade ne.

Matsalar da ta fi yawan tasowa ta asusu ce. Dokar cocin ta ce a binciki dukkan asusun ikilisiya duk shekara, har da na ƙungiyoyi. Amma akan tarar da asusun mata an buɗe shi shekaru aru-aru da sunan ma'aji ita kaɗai. Ranar da ta rasu banki ya rufe shi, kuɗin ya shiga lissafin gado. Gyaran shi ne asusun ya kasance da sunan ikilisiya da lambar harajinta, masu sa hannu biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, mutum biyu su ƙirga kuɗin kasuwa tare, kuma kyautar da aka bayar don wani aiki takamaimai a rubuta sharaɗinta, domin ba a juya ta zuwa biyan wuta ko albashi. Idan majami'a ta rufe, wata doka ta 1979 ta ce dukiyarta amana ce ta dayosis da cocin ƙasa. Bishop ya zo ya cire tsarkin ginin, rajistar baftisma da aure ta tafi ma'ajiyar dayosis, kayan bagade a ba wata ikilisiya. Maƙabarta ce ke zama nauyi, don ba a sayar da ita kamar gini.

Abin da ya shafi Ba'angalike daga Najeriya

Wanda ya saba da zumuntar mata a Wusasa ko Kafanchan zai gane rabin wannan labari: baiko, girkin biki, ziyarar marasa lafiya, riƙe majami'ar ƙauye tsakanin zuwan rabaran da zuwansa. Bambancin yana cikin tsari. A Najeriya ƙungiyar Mothers' Union, wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, da Women's Guild, matar rabaran ce ke jagorantarsu a ikilisiya, matar bishop a dayosis. A ECW zaɓe ake yi, matar limami ba ta da kujera ta dole. Babu anko, babu rajistar da ta dogara da auren coci, kuma a wurare da yawa duk macen da ke ikilisiya ana ɗaukarta mamba.

Ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin da aiki ya kai ƙaramin gari a Amurka zai iya tarar da alluna iri uku. Mai rubutun Episcopal na cocin da Najeriya ta yanke zumunci da shi ne, kuma mai yiwuwa limamiya ce a bagade. Mai rubutun Anglican galibi na cocin ACNA ne, wato Cocin Angalika na Arewacin Amurka, da waɗanda suka fice daga Episcopal suka kafa a 2009, wanda Najeriya ta amince da shi. Akwai kuma majami'un da Cocin Najeriya ya kafa da kansa tun 2005, amma sun fi yawa a manyan birane irin su Houston. Ko a cikin ACNA ba a daidaita ba: ba a keɓe mace bishop, amma batun limamiya an bar wa kowace dayosis, wasu na keɓewa wasu ba sa yi. Mai son sanin inda ya dosa sai ya tambayi dayosis ɗin da majami'ar take ƙarƙashinta kafin ya miƙa takardar shaidarsa daga gida.